Helios 44-2 a kan Canon 600D: wata takwas ina murɗa fokas da hannu

Lensin nan ba sayensa na yi ba, gado na ci tun mai shi na da rai. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana cikin waɗanda suka yi karatu a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, farkon shekarun 1980 ya dawo gida, kuma cikin tarkacen da ya zo da su har da kyamarar fim Zenit-E mai nauyi kamar dutsen guga. Ranar da na je yi masa barka da sallah ya gan ni da Canon rataye a wuya ina ta wani ji da kai, sai ya sa autansa ya jawo masa akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya tona ya tona cikin tsofaffin takardu da wata hular sanyi mai kunnuwa, duk ɗakin ya gauraye da warin kafur, can ya zaro ta cikin jakarta ta fata ya miƙo mini. "Ungo ɗan nan, ku da kuke gani kamar ku kuka fara hoto a duniya." Na ce Kawu ai yanzu fim ɗin ma wahalar samu yake balle inda za a wanke, ya ce to wannan kuma kai ta shafa, ni dai na ba ka.

Kyamarar kam ta riga mu gidan gaskiya, labulen shotarta na ƙyalle ne kuma ya maƙale a tsakiya ba gaba ba baya. Amma da na murɗa lensin sai ya kwanto kamar murfin kwalba, baƙi, ƙarfe zalla, an rubuta Helios-44-2 da 2/58 a bakinsa, gilashin tas in ban da 'yar ƙura. Lambarsa da 79 ta fara, kuma a yawancin irinsu lambobi biyun farko shekarar ƙira ce, ka ga kenan ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi Helios 44 asalinsa kwaikwayon wani lensin Jamusawa ne, Biotar 58mm f/2 na Carl Zeiss Jena, mutanen Sobiyet suka ɗauki tsarin bayan yaƙin duniya na biyu suka dinga bugawa ba ƙaƙƙautawa a masana'antu fiye da ɗaya, akwai ta Krasnogorsk kusa da Mosko, akwai ta Valdai, akwai ta Minsk, shi ya sa har yau ya cika kasuwar gwanjo ta intanet kuma shi ya sa wani ka samu mai kyau wani ka samu sai a hankali, ba hannu ɗaya ya haɗa su ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ya za a yi wannan abu ya hau Canon 600D, kyamarar 2011, tunda gindinsa zare ne irin na noti, wanda ake kira M42, ita kuwa Canon sai ka daidaita ɗigo ka juya ta ce ƙas. Amsar adafta ce, wani siririn zoben ƙarfe, cikinsa zare bayansa haƙoran Canon. Kuma a nan akwai wani ɗan lissafi da in ka gane shi ba wanda zai ƙara sayar maka da abin da ba zai yi maka aiki ba. Kowace irin kyamara tana da tazara ƙayyadadda daga bakin da lensi ke zama zuwa sensa, wato ɗan allon da ke kama hoton a ciki. Ta Canon EF milimita 44 ce, ta M42 milimita 45.46, to ka ga akwai rarar milimita ɗaya da kusan rabi, wannan rarar ita ce kaurin adaftar, ba gilashi ba komai, lensin ya zauna daidai inda aka tsara masa. Haka tsofaffin lensin Nikon, nasu 46.5 ne, da na Olympus OM mai 46, da Pentax K, duk suna hawa Canon da zobe kawai. Abin dariyar shi ne tsofaffin lensin Canon ɗin kansa, wato FD na kafin 1987, su ne ba sa hawa lafiya, tazararsu 42 ce, ta gaza, haka na Minolta MD mai 43.5, sai dai a sa musu adafta mai gilashi a ciki kuma wannan gilashin shi ke ɓata hoton, ka ɗauko lensi mai kyau ka sa masa tabarau na ɗari biyu. Mai kyamarar Nikon kuwa shi abin ya juye masa, tunda tazararsa ta fi ta kusan kowa tsawo, in ya ɗaura Helios da zobe kawai zai ɗauki fuska a kusa lafiya lau amma abin da ke nesa ba zai taɓa fitowa tas ba. Wani abokin sana'ata mai D3200 ya ga hotunana ya ce shi ma sai ya saya, na ce masa yallaɓai nemi tsohon Nikkor, lensin Nikon, ka huta, su Nikon ba su canja bakin irin kyamararka ba tun 1959, sai dai ka sani a irin kyamararka ba za ta auna maka haske ba, da ka za ka yi, su D7000 da D300 ne ke aunawa da tsofaffin lensi.

To adaftar, a nan na sha wahala, kuma in da wani abu ɗaya da za ka ɗauka daga duk wannan surutun nawa to wannan ne. Na farko da na saya a intanet na zaɓi mafi arha, na ce ai zobe zobe ne. Ya zo bayan kusan wata guda, gorar ruwa ce shafal kamar murfin lemo, na ɗaura na juya bai ce ƙas ba, lensin na ɗan rawa a jikin kyamara, in ka murɗa fokas sai ka ji duk abin na neman binka. Na ce ba komai zan lallaɓa. Sati biyu, ranar da na zo cirewa kuma sai ya ƙi fita daga gindin lensin, zaren ya ci juna, na sa tsumma na murɗa, na sa robar tayar keke na murɗa har tafin hannuna ya yi ja, sai da na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a unguwarmu, ya sa tabarau ya juya shi ya juya shi ya ce "Yaro wa ya sayar maka da wannan gwangwanin?" ya yi masa 'yar tsaga da zarto sannan ya fito. Allah ya taimake ni zaren lensin bai lalace ba. Na biyun mai ɗan cif ne a jiki, wanda wai ke yaudarar kyamara ta zaci lensin Canon ne don ta yi maka ƙarar fit in fokas ya shiga. Ya yi aiki, ba zan ci amanarsa ba, ya yi wata biyu yana yi, amma ƙarar tasa tana ɗan riga fokas ɗin zuwa, sai ka ji fit ka danna ka duba ka ga kunnen mutum ne ya fito tas idon ya yi dishi-dishi. Daga baya zafin Afrilu ya narkar da gam ɗin da aka manna cif ɗin da shi ya goce, kyamara ta fara jefo mini Err 01, wato ba ta jin maganar lensi, rannan gabana ya faɗi na zaci ita na kashe. Na ukun shi nake kai har yau, na tagulla ne da aka yi wa farin fenti, ba cif ba komai, yana da ɗan nauyi a hannu, ka juya ya ce ƙas ya zauna daram. Kuɗinsa ya kai na biyun farko a haɗe, ka ga arha ta sa na biya sau biyu kenan. Araha ba ta ado.

Wani abu kuma game da adafta da ba a cika faɗa ba, akwai mai ɗan leɓe a ciki akwai marar leɓe. Shi 44-2 bai damu ba ko wanne ka sa masa. Amma ƙannensa irin su Helios 44M-4 suna da wani ɗan tsinke a gindi wanda sai an danna shi ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi a cikin lensi, ke tsukewa, da kyamarar fim ce ke danna shi, yanzu leɓen adaftar ne zai danne, in ba leɓe to lensinka a wangale zai zauna har abada ko ka murɗa zuwa 16, lambar da ta fi tsukewa.

Yanzu lensin kansa a hannu. Ni dai tunda na fara hoto lensin roba na sani, 18-55 ɗin da ke zuwa da kyamara, wanda zoben fokas ɗinsa kamar an manta ne aka liƙa daga baya. Wannan kuwa ka murɗa ka ji yana tafiya a hankali da ɗan nauyi mai daɗi, daga rabin mita zuwa can ƙarshen nesa sai ka yi kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye, wannan tsawon tafiyar shi ke ba ka dama ka ajiye fokas a kan ƙwayar ido ba a kan gira ba. Ƙofar hasken ce ta ruɗa ni kwana biyu saboda zobe biyu gare ta. Na gaba shi ke da lambobi yana ƙas-ƙas, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, amma in ka murɗa shi ba abin da ke motsi a ciki, iyaka kawai yake sawa. Na bayansa shi ne sulɓi ba ƙara, shi ke buɗewa da rufewa daga wangale zuwa iyakar da ka sa. Dabarar ita ce ka sa iyaka a 4 misali, ka wangale ka yi fokas da haske sosai a idonka, sannan ka ja zoben sulɓin har ya tsaya, ba sai ka cire ido ka duba ba, ka danna. Da farko na ce wane irin wahalar da kai ne wannan, yanzu yatsana na yi ba tare da na sani ba. Kuma masu bidiyo wannan sulɓin suke so, kana ɗauka kana rage haske ba wani tsalle, ina ga su ne ma suka tayar masa da farashi a 'yan shekarun nan.

Kyamarar ba ta san akwai lensi a jikinta ba, F00 take rubutawa, amma tana auna haske a Av, inda ita ke zaɓar gudun shota, da M, inda kai ke saita komai. A Av ɗin na lura in na tsuke sosai zuwa 8 ko 11 awon nata na fara kauce hanya, don haka na koma M gaba ɗaya, in ɗauka ɗaya in duba in gyara. Sannan ba abin hana rawar hannu a ciki, kuma 58mm a kan ƙaramar sensar 600D in ka ninka da 1.6 ya zama kamar 93mm kenan, ni in gudun shota ya yi ƙasa da 1/125 na daƙiƙa ba na yarda da hannuna musamman in na sha shayi mai ƙarfi.

Hoton da ya sa na yafe wa lensin nan duk wahalarsa na kakata ne. Bayan la'asar ne, tana zaune a kan tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida tana tsince zogale a faranti, rana ta yi ƙasa tana ɓullowa ta tsakanin ganye. Na durƙusa kamar taku uku daga gabanta na wangale a 2 ina murɗawa gaba ina murɗawa baya, ta ɗago ta harare ni ta ce "Kai mai gidan nan, hoto kake ɗauka ko ƙaya kake cire wa abin? Masu waya tuni sun ɗauka sun tafi, miji ba kuɗin cefane sai leƙe-leƙe." Na ce uwargida yi haƙuri ki tsaya haka kar ki motsa, ta yi dariya, a cikin dariyar na danna. Da na buɗe shi a kwamfuta na daɗe ina kallo. Idonta da kwallin da ke ciki da tsagar kumatunta duk sun fito tas, zaren mayafinta ana iya ƙirgawa, amma darbejiyar da ke bayanta ta narke ta zama ɗige-ɗigen haske, na tsakiya zagayayyu, na gefe kamar idon mage, kuma duk sun jeru suna kewaya ta kamar an sa muciya an juya. Wannan jujjuyawar ita ce abin da ake sayen Helios dominsa. Masu hoto na kiran dishi-dishin baya da boke, kalmar Japanawa ce ba ruwanta da boka ko boko, kuma boken Helios ba ka cika samun irinsa a lensin zamani ba saboda su a wurinsu aibi ne da suka yi shekaru suna gyarawa.

Sai dai kar ka zaci kana ɗaurawa komai zai fara juyawa. Sai ka haɗa masa sharuɗɗansa, ƙofa a wangale, mutum kamar mita biyu zuwa uku, bayansa da tazara, kuma bayan ya zama mai ɗige-ɗige irin ganye da rana ke ratsawa ko ƙananan fitilun ado na wurin biki. In ka tsayar da mutum jikin katangar siminti ba abin da za ka gani. Kuma a ƙaramar sensa irin tawa gefen hoton inda jujjuyawar ta fi ƙarfi an yanke shi, rabin abin nake samu. Na taɓa aron Canon 5D mai babbar sensa na gwada, a nan ne ya nuna halinsa sosai, amma mai kyamarar ya tsaya a kaina yana ta ja mini kunne kar in murɗa zuwa ƙarshen nesa, don a manyan Canon irin wannan gindin wasu tsofaffin lensi na kutsawa ciki madubin cikin kyamara ya doke shi lokacin da ya ɗaga. A 600D madubin ƙarami ne, ban taɓa samun wannan matsalar ba.

Kaifi kuma, tsakiya a 2 ba laifi, yana da ɗan laushi da ke yi wa fatar fuska kirki, 'yan mata na son sa don ba ya tona asirin ƙuraje. Gefe kam a 2 ka manta da shi, in ka sa mutum a kusurwa zai fito kamar an shafa masa man shanu. Daga 4 ya fara tsayuwa, a 5.6 da 8 wallahi ba zan ce 18-55 ɗina ya fi shi ba. Kuma ka tuna shi 18-55 in ka ja shi ƙarshe 5.6 yake komawa, wannan kuwa 2, wato haske ninki takwas, cikin ɗaki da rana ta taga kawai ina ɗauka ba filashi, jariri na barci ranar suna ba ka firgita shi.

Inda yake da rauni na gaske shi ne rana. Sinadarin hana ƙyalli da aka shafa wa gilashinsa na da ne, in rana ta shigo ta gaba ko ta ɗan gefe sai hoton ya wanke fari kamar an ɗauka cikin hazon hunturu, baƙi ya koma toka-toka. Wani lokaci abin na yin kyau, wani lokaci ya kashe maka hoto. Na saya masa hular kare rana mai zaren 49mm, ta taimaka, in na manta ta sai in kare da tafin hannu. Sannan ga wani abu da ranar Kano ta koya mini, 600D iyakar gudun shotarta 1/4000 ne kuma ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, ba ya sauka ƙasa da 100, da tsakar rana in ka wangale a 2 hasken ya fi ƙarfinta, farar shadda sai ta ƙone ba ka ganin ko aikin wuya. Ko dai ka tsuke zuwa 2.8 ko 4, ko ka sa masa baƙin gilashin rage haske, ko ka yi abin da ya fi, ka bari sai la'asar sakaliya.

Amma babbar matsalar ba ta lensin ba ce, ta kyamarar ce. Yawancin kyamarorin fim na da an yi musu tagar leƙe babba mai haske, da wani ɗan da'ira a tsakiya da ke tsaga hoton ko ya yi ƙyalli sai fokas ya shiga ya haɗe. Ta 600D ƙarama ce mai duhu kamar kana leƙen rijiya, an yi ta ne da tunanin injin zai yi maka fokas, kuma ba ta nuna maka ainihin siririn wurin da ke fitowa tas a 2, sai ka ga kamar ya shiga alhali da saura. Abu na farko ka gyara ɗan wilin da ke gefen tagar daidai idonka, ni wata guda na yi ina zargin lensi ashe wilin ne ya goce. Na biyu, ka kunna kallon sikirin ka danna maɓallin girmamawa hoton ya girma ninki biyar ko ninki goma, a nan kam ba ƙarya, kana ganin gashin ido. Amma yana cin batir kuma yana cin lokaci, kuma a rana sikirin ɗin ba ya ganuwa sai ka lulluɓa da hirami kamar masu hoton da. Daga baya na sa Magic Lantern a katin, wata manhaja ce da wasu masu sha'awa suka rubuta ba Canon ba, tana zana maka ɗige-ɗige masu launi a duk inda fokas ya sauka, ta sauƙaƙa mini aiki sosai musamman a bidiyo, sai dai in za ka sa ka san da kanka ka sa, in wani abu ya faru ba mai jin kukanka.

Kuskuren da na yi wanda har yanzu in na tuna sai na ji kunya, na ɗauke shi zuwa aikin kuɗi. Kamu ne, na ce yau zan nuna musu boke. Amarya na zaune, lafiya lau, na samu hotuna uku huɗu da ita kanta ta sa a waya. Da aka fara kiɗa ƙawaye suka miƙe aka fara liƙi, sai komai ya rikice, kafin in murɗa in kamo fuska ta matsa, in bi ta wata ta shiga gaba, gumi na zuba mini a ido, uwar amarya ta fito za ta yi liƙi sau ɗaya tak kuma a wannan sau ɗayan bangon bayanta na kama. Da ta zo karɓar hotuna ta ce "Malam mai hoto, ni ina nawa?" na ce Hajiya ki gafarce ni an samu tangarɗar na'ura, ta kalle ni ta ce to Allah ya kyauta, kallon nan ya fi zagi ciwo. Sai da na rage musu kuɗi. Haka hawan Daushe, na je da shi don gwaji kawai, doki a guje ga ƙura ga jama'a na turo ka, a cikin ɗari da wani abu da na danna waɗanda zan iya nunawa ba su kai ashirin ba, kuma su ma sai da na koma dabarar mutanen da, ka tsuke zuwa 8, ka yi fokas a wani wuri a ƙasa, ka jira doki ya taka wurin ka danna. Tun daga lokacin in aikin kuɗi ne Canon 50mm f/1.8 nake ɗaurawa, Helios na cikin jaka sai an zo zaman ango da amarya su biyu in babu gaggawa.

Kula da shi a yanayinmu ma wani aiki ne. Da hunturu ƙura na shiga ta zoben fokas ka ji yana ƙarar yashi, ban yarda in canja lensi a waje ba sai cikin mota ko ɗaki, baki a ƙasa. Da bazara kar ka bar shi cikin mota a rana, tsohon giris ɗin ciki na narkewa ya gangaro kan ganyayen ƙofar haske, nawa takwas ne kuma tuni akwai ɗan maiƙo a kansu, a irin 44-2 da hannu kake jan su wannan bai hana aiki ba, amma a lensin da sifirin ke rufe su maiƙo na sa su nawa. Da damina kuma fumfuna, jakar fatar nan mai kyau ita ce babbar maƙiyiya don tana riƙe laima, ni a robar abinci mai murfi nake ajiye shi da 'yan ƙunshin tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

In za ka saya, ka haska tocilan waya ta baya ka leƙa ta gaba. Ƙura ba komai ba ce, 'yan ƙananan kumfa a cikin gilashin ma ba komai, amma in ka ga abu kamar saƙar gizo-gizo to fumfuna ce, in ka ga hazo ya rufe shi ma ka ajiye. Ka murɗa fokas daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana cijewa, ka ja ƙofar haske ka ga tana rufewa daidai, ka duba zaren gindi, in da hali ka je da kyamararka da adaftarka ka ɗauki abu mai nisa ka tabbatar yana fitowa. In kuma ka ci karo da Super-Takumar 50mm f/1.4 na Asahi Pentax ka ga gilashin ya yi rawaya kamar shayi ba madara, kar ka gudu, sinadarin toriyom ne da aka haɗa gilashin da shi ke sa haka da tsufa kuma hasken rana na wanke shi, abokina kwana goma ya yi yana shanya nasa a taga, ya naɗe jikin da takardar gwangwani don kar zafi ya narkar da giris, ya dawo kusan fari. Wannan lensin ya fi Helios santsi a hannu nesa ba kusa ba, amma ba ya juya baya.

Wa zan ce ya saya? Mai ɗaukar fuska a nutse, mai bidiyon waƙa ko talla, ɗalibin da kuɗinsa bai kai sabon lensi ba kuma yana son ya san me ƙofar haske ke yi da idonsa ba a takarda ba. Wanda idonsa ke da matsala, ko wanda abincinsa na wurin taron biki da ƙwallo da yara masu guje-guje, ya tara kuɗi ya sayi mai yin fokas da kansa. Kuma in farashin da aka yanka maka ya kusa na 50mm f/1.8 na hannu, kuma ba ka da ko ɗaya, to na Canon ɗin za ka fara saya, Helios na biyu ne.

Hoton kakata na buga shi babba na sa a firam na kai wa Kawu ya gani. Ya sa tabarau ya matso da shi ya nesanta, ya ce tsohuwa kam ta fito, sannan ya sa yatsa a kan darbejiyar ya ce "Wannan kuma a nawa ka ɗauka?" Na ce a 2, Kawu, ai wannan juyawar ita ake yayi yanzu. Ya girgiza kai ya ce su a lokacinsu 8 suke sawa don kar wannan hajijiyar ta fito ta ɓata musu fim. Sannan ya ce tunda na ce jakar fatar ba ta da amfani a wurina in dawo masa da abarsa, zai dinga sa carbi a ciki.